Gola, Malama da 'Yan Ludo Biyu

Tana zaune a kan dogon bencin da ke ƙofar ɗakin gashin ƙashi na asibiti, littattafan ɗalibanta a cinya tana yi musu maki, sai ta ji wani abu ya bugi takalminta. Ta duba ƙasa. Ɗan ludo ne fari, ɗigo biyar a samansa.

"Baiwar Allah, don Allah ki taimaka min da shi. In na ce zan sunkuya, sai an kira ma'aikata sun ɗaga ni."

Ta ɗago. A ɗaya ƙarshen bencin wani dogon saurayi ne mai faɗin kafaɗa, ƙafarsa ta hagu a miƙe cikin ƙarfen ɗauri, sandar dogarawa jingine da bango. A cinyarsa akwai kwali da aka zana filin ƙwallo a kai da koren fenti, an jera murafen kwalba ja da shuɗi a matsayin 'yan wasa.

Ta miƙa masa. Tafin hannunsa ya kusa faranti.

"Ludo kake yi kai kaɗai?"

"Wane ludo! Ƙwallo ce. Ni na ƙirƙiro ta, amma ta ƙi ni. Tun safe nake bugawa, duk wasan da na buga babu ci yake tashi. Ko su masu gadin asibitin nan sun daina tsayawa kallo."

Ba ta yi niyyar biye masa ba. Mahaifinta ta kawo, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye watannin baya, kuma aikin makaranta na jiranta. Amma ita malamar lissafi ce, in aka ajiye mata lamba a karkace ba ta iya wucewa.

"Yaya ake cin ƙwallon?"

Ya gyara zama da murna. "Kin ga, in ɗan gaba ya zo bakin raga sai a jefa 'yan ludo biyu, wannan fari da wannan ja, a haɗa ɗigonsu. Daga biyu zuwa sha biyu, lamba goma sha ɗaya ke nan. Na ba ɗan gaba huɗu: biyu, uku, sha ɗaya da sha biyu. In ɗaya ta fito, ƙwallo ta shiga. Huɗu cikin sha ɗaya, ai an yi masa adalci."

Ta rufe littafin da ke hannunta.

"Ta hanya nawa za ka samu biyu?"

"Ɗaya da ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Bakwai fa?"

Ya shiga lanƙwasa yatsu. "Uku da huɗu. Biyu da biyar. Ɗaya da shida."

"To juya su. Farin ya ɗauki na jan, jan ya ɗauki na farin."

Ya sake duba yatsunsa. "Shida ke nan."

"Yauwa. Hanya talatin da shida ce gaba ɗaya 'yan ludo biyu ke iya faɗuwa. Lambobin nan huɗu da ka ba bawan Allahn nan, in ka tara su hanya shida ce kacal. Ka ba shi shida, ka ba mai tsaron gida talatin. Wai kai wane aiki kake yi?"

Ya sosa ƙeya. "Gola ne ni. Kafin gwiwar nan ta ce ta gaji."

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta sa bakin mayafi ta rufe baki. "Shi ya sa! Ashe son kai ne, ba kuskure ba."

"Wallahi ban sani ba, Malama. Amma in da gangan ne ma, ai kin san mun sha wahala a hannun mutanen nan."

Aka buɗe ƙofa, ma'aikaciya ta kira ta ta zo ta kama mahaifinta. Gola ya tura kwalin ƙarƙashin benci don ya ba su hanya, ya gaida tsohon da girmamawa. Da ta juya za su tafi sai ya ce a hankali, "Malama, ran Alhamis kuna zuwa? Akwai maganar fenareti."

Ta kama mahaifinta suka wuce. Amma ran Alhamis ta zo da farar takarda da jan biro.

Haka abin ya ɗore. Baba na ciki ana motsa masa hannu da ƙafa, su kuma suna waje suna gardama. Ita ta kawo lissafi, shi ya kawo abin da ya gani da idonsa a fili. Ya ce a saninsa, in aka buga fenareti huɗu, kusan uku na shiga. Ta zana masa gidaje talatin da shida a takarda, ta ce to gola ya samu tara: bakwai mai hanya shida, da huɗu mai hanya uku.

"Tara kawai? Haba Malama, ki ƙara min ko ɗaya ce."

"Ba a roƙo a lissafi."

"Ke da alƙalin wasa kika zama, da an kore mu duka."

A kan bencin nan ta ji labarinsa. Yadda ya fito tarar wata ƙwallo ya faɗi, ɗan gaba ya faɗo masa a gwiwa. Yadda likita ya gaya masa gaskiya cewa zai yi tafiya, har ɗan gudu zai yi, amma tsalle a raga ya ƙare. Yadda ya yi ta kwanciya a ɗakin yayarsa yana kallon silin, ba ya son ko jin ihun yara masu ƙwallo a layi, har ranar da ya jawo kwalin sabulu ya fara zane.

"Da ban yi wannan ba, da ban san inda kaina zai tsaya ba," in ji shi.

Ita ma ta gaya masa nata. Ita ce auta a gidansu, yayyenta duk sun yi aure sun watse, ita ke tare da Baba da Mama. Ta ce ɗalibanta 'yan mata da zarar ta rubuta darasin yiwuwar aukuwa a allo sai hamma ta zagaye aji.

"Ki kai musu filina mana."

Ta kai. Ta raba aji gida biyu, ta sa kowace ƙungiya ta zaɓi lambobin da take so kafin a jefa. Kafin a tashi, yarinyar da ta fi kowa barci ce ke tsaye tana rantsuwa cewa ba za ta yarda a ba su sha biyu ba, hanya ɗaya ce da ita, bakwai suke so. Har shugabar makaranta ta leƙo ta ga ko faɗa ake.

Da yamma ta tura masa saƙo:

"Gola, filinka ya kusa sa a kore ni daga aiki. Amma yau babu wadda ta yi barci."

Nan take amsa ta zo:

"Alhamdu lillahi. Daga yau ke ce Kyaftin. Ni kuma a bar ni a raga in dinga kallonki daga baya, ya ishe ni."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗagowa ta karanta. Mama da ke ninke wanki ta dube ta ta gefen ido.

"Auta, wane lissafi ne ke sa mutum murmushi shi kaɗai?"

"Na ɗalibai ne, Mama."

"To, Allah ya ba ɗalibin nan sa'a."

Bayan wasu makonni aka cire masa ƙarfe. Ranar da ya fara takowa ba sanda, tun daga ƙofar asibiti yake neman idonta. Ya zauna yana haki, ya ce, "Kyaftin, ina da magana, kuma ba ta fenareti ba ce."

"Ina jinka."

"Ba ni da komai yanzu sai ƙafa ɗaya da rabi. Wata makaranta ta ce in na warke in je in dinga koya wa yara tsaron raga. Wasan nan kuma ina so in buga shi a takarda mai kyau in kai makarantu. Shi ke nan abin da ke gabana. Amma ko me na zana a raina, sai in ga kina ciki. Ina sonki, kuma aurenki nake so."

Ta sunkuyar da kai tana juya jan ɗan ludon a tafinta.

"Ka bari in yi tunani," ta ce, alhali ta daɗe da gama tunanin.

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe. An sallami Baba da wuri, ya fito da kansa yana jan ƙafa. Idonsa bai sauka a kan kowa ba sai a kan abin da ke hannun 'yarsa. Fuskarsa ta canja gaba ɗaya. Gola ya yunƙura zai gaishe shi, tsohon ya kawar da kai.

"Ajiye wannan. Wuce mu tafi."

Sai da suka shiga gida ya zauna a doguwar kujerarsa ta falo, sannan ya kira ta.

"Tun yaushe kike zama da ɗan caca?"

"Baba, ba caca ba ce. Wasan ƙwallo ne, ko sisi ba a sawa. Har aji na kai shi."

"Haka Baffanki ya ce min."

Ta san labarin, kowa a gidan ya sani, sai dai ba a tayar da shi. Baba da ƙaninsa tare suka gaji shagon gyaran agogo daga mahaifinsu. Ƙanin ya fara da jefa 'yan ludo a bayan shago don nishaɗi, aka koma sa kuɗin shayi, aka koma sa agogunan mutane. Ƙarshenta shagon ya tafi, shi kuma ya bar gari don kunya, har ya rasu bai dawo ba. Baba ya ƙarasa shekarun aikinsa a kan ɗan tebur a bakin titi.

"Ni na raine shi," in ji Baba. "Ina ganin abin nan a hannunsa na ce yarinta ce. Ba zan sake cewa yarinta ce ba. Kada in ƙara ganinki da yaron nan."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Sannan ta rubuta wa Gola abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Ya amsa:

"Na fahimci Baba, kuma ban ga laifinsa ba. Zan canja ranar zuwana asibiti don kada ganina ya tayar masa da ciwo. Amma ban canja maganata ba, Kyaftin. Ina nan."

Tun daga nan wanda ke kai su asibiti ya zama Manaja, ɗan aminin Baba. Yana da babban gidan kallon ƙwallo mai talabijin jere a bango, da mota mai sanyi, kuma ya daɗe yana zagayen gidan da sunan gaida Baba. Ba shi da mugun baki, ga kyauta, sai dai in ya fara labarin kansa har a iso inda za a je bai kai rabi ba. A hanya ya ji labarin wasan daga bakin Baba, ya yi ta jinjina kai yana cewa ai matasan yanzu sai addu'a.

Wata ranar Asabar tana goge kayan makaranta, saƙon Manaja ya shigo. Hoto ne. Gola ne zaune a tsakiyar gidan kallon, kwalin filinsa a kan tebur, maza sun yi masa rumfa. A gefen kwalin, kusa da takardar da ita ta zana da jan bironta, ga kuɗi nan a zube. Ƙarƙashin hoton Manaja ya rubuta:

"Ƙanwata, ban so in nuna miki ba, amma gara ki gani da idonki."

Ta tsaya da dutsen guga a hannu har sai da ta ji ƙauri. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne rubutun hannunta da ke kan teburin. Ita ta tsaya gaban mahaifinta ta ce ko sisi ba a sawa.

Ta tura wa Gola hoton, ta rubuta:

"Ashe wannan na yi ta gyara maka. Na gode. Kada ka sake nemana."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ta rufe lambarsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba daɗi. Ta rame, ta daina hira. Ɗalibai suka yi ta tambayar ina filin, ta ce ya lalace. Mama ta zuba mata ido kawai, sai wata rana da suke wanke-wanke ta ce, "Ni dai a sanina, ko ɗalibi aka kama da satar amsa ana tambayarsa kafin a kore shi."

"Mama, hoto fa na gani."

"Na ji. Hoton ya yi miki magana?"

Manaja kuwa ya samu fili. Kusan kullum da la'asar yana falo. Ran nan ya zo ya tarar Baba kwance a doguwar kujera, ido a rufe, hula a kan goshi. Ya rage murya, ya matso da kujerarsa kusa da Auta, ya ciro wata takarda daga aljihu. Kwafin gidajenta talatin da shida ne, an ɗauka a waya an buga.

"Ƙanwata, wata 'yar alfarma nake nema, tunda ke kika san kan abin nan. In mutane za su sa ɗan wani abu a kan ko ƙwallo za ta shiga ko ba za ta shiga ba, yaya za a tsara lambobin yadda mai gida zai dinga samun riba kaɗan-kaɗan ba tare da an lura ba?"

Ta dube shi. "Ka tambayi mai wasan mana. Ba tare kuke ba?"

Ya ja tsaki. "Wa? Wancan mai taurin kan? Ni na gayyato shi ya nuna wa yara wasan, don in taimake shi. Mutane na fara ajiye kuɗi sai ya tashi kamar an tsikare shi, ya naɗe kwalinsa yana ta wa'azi. Na bi shi har waje na ce ya sayar min, na faɗi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya ce ko nawa ne ba zai bayar ba. Mutum da gurguwar ƙafa, ga girman kai."

Sai da ya kai aya sannan ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Daga doguwar kujera aka yi gyaran murya. Baba ya sa hannun hagu ya ture hular daga goshinsa.

"Ɗana, ka gaida min mahaifinka. Ka ce masa na gode da motar, daga yau za mu dinga hawa ta haya."

Manaja ya fara kame-kame, Baba ya mayar da hularsa ya rufe ido. Haka ya tattara takardarsa ya fita, har ya manta makullin mota sai da ya dawo.

Auta ta shiga ɗaki ta buɗe lambar Gola. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura:

"Na ji gaskiyar abin da ya faru. Na yanke maka hukunci ban tambaye ka ba. Ba ni da bakin magana, sai dai ka yafe min."

Har aka yi magariba shiru. Sai can amsa ta zo:

"Ranar da gwiwata ta karye ban ji zafin da na ji da saƙonki ba. Ba zan ɓoye miki ba. Amma na yafe tun kafin ki tambaya. Kin ci abinci kuwa? Yayata ta ce masu fushi ba sa ci."

Ta yi dariya hawaye na zuba.

"Ban ci ba, golana."

"To je ki ci, Kyaftin ɗina. Ƙungiya ba ta tafiya da kyaftin mai yunwa."

Baba dai ya ci gaba da harkarsa kamar ba a yi ba, ita kuma ba ta yi gangancin tayar da maganar ba. Mama ce ta dinga shiga tana fita, in ta kai masa shayi ta ɗan jefa kalma, in ta zo ɗaukar kofi ta ƙara wata. Wata safiya yana matsa ƙwallon robar da aka ba shi don motsa yatsu, sai ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Auta, ki ce wa yaron nan ya zo. Ya taho da kayan nasa."

Gola ya zo da la'asar cikin fararen kaya masu guga, kwalin a hammata. Ya so ya durƙusa gwiwa ta hana, sai ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar gefe yana ba da haƙuri. Auta da Mama suna bayan labulen tsakar gida, ko numfashin kirki ba sa yi.

Baba ya tambaye shi iyayensa, ya ce sun rasu, yayarsa da kawunsa ne a kansa. Ya tambaye shi sana'a, ya ce ya fara aiki a makarantar nan, kuma makarantu biyu sun ce a kawo musu wasan. Baba ya sa ya shimfiɗa kwalin ya yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, har ya tambayi dalilin da ya sa bakwai ta fi fitowa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba da ƙananan haƙoran agogo.

Sannan ya nuna 'yan ludon da haɓa.

"To ɗauki. Jefa sau ɗaya. In bakwai ta fito na ba ka ita. In ba ta fito ba, ka tashi ka tafi, kada in sake jin sunanka."

Auta ta damƙe hannun Mama. Hanya shida cikin talatin da shida. Kanta ya yi lissafin tun kafin ta hana shi.

Gola ya dubi 'yan ludon, ya dubi tsohon. Ya sa hannu ya tattara su, ya zura a aljihu.

"Baba, ku gafarce ni, ba zan jefa ba."

"Tsoro kake ji?"

"Ina jin tsoron rasa ta, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ko da hanya talatin da biyar kuka ba ni cikin talatin da shida, ba zan jefa a kanta ba. 'Yarku ce. In kun ga na cancanta ku ba ni, in kun ga da saura ku faɗa min abin da zan gyara, in je in gyara in dawo."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Can ya sa bayan hannu ya goge ido.

"Da ƙanina ya taɓa cewa a'a ko sau ɗaya..." Bai ƙarasa ba. Ya numfasa. "Ka turo kawun naka."

A bayan labule Mama ta saki ajiyar zuciya ta ce, "Sakar min hannu, Auta, kafin a kai mu ɗakin gashi mu biyu."

Ba a ja lokaci ba. Kawu ya zo, manya suka zauna, aka sa rana bayan hutun makaranta. Yayyenta suka cika gida da 'ya'yansu, ɗalibanta suka zo gayya guda suna ta leƙen ango suna cewa ashe shi ne mai filin. Tsofaffin abokan wasansa suka zo su ma, manya-manyan mutane da suka cika ƙofar gida da dariya. Har mahaifin Manaja ya halarta, ya zauna kusa da amininsa.

Da za ta bar gida, ta durƙusa gaban Baba. Ya ce, "Ke ce kika ɗauke ni lokacin da na kasa ɗaukar kaina. Ba ni da abin da zan biya ki da shi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu yi muku abin da kika yi min." Ya juya ga ango. "Kai kuma, amana ce."

"Na karɓa, Baba. In Allah ya yarda ba za ku yi da-na-sani ba."

Washegari da hantsi, bayan 'yan rakiya sun watse, ta fito ta same shi a ɗan falonsu yana fama da labulen taga. Ya maƙala shi a karkace, gefe ɗaya na jan ƙasa.

"Ba daidai yake ba," ta ce.

"Na sani. Jira nake ki zo ki faɗa."

Ta kama ɗaya gefen, suka ɗaga tare har ya daidaita. Bai saki sandar labulen ba, ya tsaya yana kallonta.

"Wai har yanzu ba ki ba ni amsa ba fa. Cewa kika yi in bari ki yi tunani."

Ta yi murmushi ta kawar da kai. "Na gama tunanin."

"To me aka samu?"

"Ina sonka, mijina. Sauko ka sha shayi kafin ya huce."

Allah ya bar su tare, ya sanya albarka a gidan.